Ramuwar Gayya: Abin Da Karatun Farko Ya Ɓoye Mini

 A wannan fitowa ina roƙon ku yi mini haƙuri in ajiye zancen tarurruka da rahotannin gundumomi, in ba ku labarin wani ɗan ƙaramin littafi da na karanta ina yaro, da kuma tambayar da ya bar mini, wadda har yau ban gama amsa ta ba. Tambayar ita ce: idan zuciyar mutum ta tashi saboda an zalunci wani, shin wannan tashin zuciya abin dogara ne, ko kuwa abin tsoro ne?

A shekarar 1984, ina aji biyu na sakandare, wani abokina a unguwarmu ta Sabon Gari, nan Minna, ya ara mini littafin Cyprian Ekwensi mai suna An African Night's Entertainment. Bangonsa ya riga ya yage, gefen shafukan duk ya yi baƙi saboda yawan hannuwa, kuma sharaɗin aron shi ne in mayar washegari, domin akwai masu jira. Na zauna gaban fitilar ƙwai ina karatu har mahaifiyata ta leƙo sau biyu tana yi mini faɗan kananzir. A lokacin Turancina bai nuna ba, amma abin mamaki, wannan littafi bai ba ni wuya kamar sauran ba. Mutanen cikinsa suna gaisawa yadda muke gaisawa, suna zuwa wurin malami a fassara musu mafarki, suna tsoron abin kunya irin tsoron da iyayenmu suke yi. Ji na yi kamar na gamu da kawuna a tasha sanye da kwat da wando: tufafin baƙi ne, amma tafiyar na san ta.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Malam Shehu attajiri ne, yana da mata da dukiya, amma ba shi da ɗa. Ya yi mafarki ya sayi dokin da wani ya riga ya taya, ta hanyar ƙara kuɗi a kan nasa. Malamin da ya fassara mafarkin ya gaya masa zai auri yarinyar da aka yi wa wani alkawari, zai sami ɗa ta wurinta, amma baƙin ciki zai biyo baya. Shehu ya ji gargaɗin, ya ƙi ɗauka. Yarinyar ita ce Zainabu, saurayinta kuwa Abubakar, wanda aka ba shi ita tun suna yara. Dukiya ta yi rinjaye, aka ɗaura aure, aka haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Kyauta. Abubakar ya bar gari ya shiga duniya yana neman abin da zai rama da shi. Ya sha ɗauri da yunwa da wahalar daji, ya komo da nakasa a jikinsa, amma ya komo da maganin da ya je nema. Maganin nan a kan yaron ya faɗa. Kyauta ya zama ɓarawon da ba ya jin magana, ya jawo wa gidansu kunya iri iri, daga bisani ya kashe ubansa da hannunsa ba tare da ya san ko wane ne ba.

Gaskiya ɗaya ce, a daren nan ni mutumin Abubakar ne ɗari bisa ɗari. Duk wahalar da ya shiga da ni aka shiga. Da Kyauta ya fara ɗauke-ɗauke, murna na yi, ina cewa a raina Allah ya ƙara, mai kuɗi ya ɗanɗana. Littafin ya rufe da gargaɗi cewa kada mutum ya ɗauki fansa da hannunsa, amma na tsallake wannan kamar yadda yaro yake lashe sukarin da ke bayan ƙwayar magani ya tofar da sauran. Da safe na mayar da littafin, na ce wa abokina ban taɓa karanta labari mai daɗinsa ba.

Labari ɗaya, harshe biyu

Sai da na shiga jami'a na gane dalilin da ya sa na san tafiyar kawuna. A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai 5 da ake ɗauka su ne tushen ƙagaggen labarin Hausa na boko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, dukansu biyu 'yan Kagara ta wannan jiha tamu ta Neja, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista mutumin Wusasa, ya rubuta tare da East. Da na buɗe Jiki Magayi sai ga Malam Shehu, ga Zainabu, ga Abubakar, ga Kyauta. Littafin Ekwensi ya fito a 1962, kusan shekara 30 bayan na Hausa. Masana irin su Neil Skinner sun jera littattafan biyu suna kwatanta su, kuma an daɗe ana gardama ko fassara za a kira na biyun ko sake ba da labari. Wannan gardama ba tawa ba ce a yau. Abin da na sani, Ekwensi a nan Minna aka haife shi a 1921, ya ji Hausa, ya san Arewa, ya rasu a 2007, kuma ta hannunsa labarin Bahaushe ya shiga ajujuwan makarantu daga Legas har ƙasashen waje. Ni kuwa, ɗan Sabon Gari mai jin Hausa tun daga nono, sai da labarin ya zaga ta Turanci kafin ya iso ni.

Karatu na biyu bai yi daɗin na farko ba, kuma na daɗe ina tunanin dalili. Na ɗaya, na girma. Na biyu, harshe. Harshen da mutum ya koya a makaranta yana ajiye ɗan fili tsakaninsa da abin da yake karantawa. A Turanci labarin ya zo mini a matsayin kasada: daji, sihiri, kurkuku, jarumi mai naci. Sunan littafin ma hirar dare yake nufi, abin nishaɗi kafin barci. Sunan Hausa kuwa gargaɗi ne tun daga bango, domin jiki magayi magana ce da ake yi wa wanda kunnensa ya ƙi ji, a bar jikinsa ya gaya masa. Kuma da na ga kalmar ɓarawo a Hausa, sai na ji ihun da ake yi da ita a kasuwa, na ga yadda ake nuna uwar ɓarawo da baki a gidan biki.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne sunan yaron. A cikin jimlolin Turanci, Kyauta suna ne kawai kamar kowane suna. A cikin Hausa kuwa kowa ya san wa ake kira Kyauta: ɗan da aka haifa bayan an daɗe ana jira, bayan an sha gori da kuka da addu'a. Wannan yaro bai taya dokin kowa ba. Ranar da aka ƙwace wa Abubakar budurwarsa, ba a ko yi cikinsa ba. Amma rayuwarsa aka ɗauka aka yi makami da ita, aka mai da shi ɓarawo, aka mai da shi mai kisan uba. Ni kuma ina ɗan shekara 14 na zauna ina tafa wa wanda ya yi masa haka.

Rabin gaskiyar da ke cikin fushi

To, shin abin da na ji a daren farko kuskure ne gaba ɗaya? Ban yarda ba. An zalunci Abubakar, zalunci na ainihi. Mai dukiya ya ga abu ɗaya da talaka ya mallaka, ya sa kuɗi ya ɗauke, alhali an gargaɗe shi. Yaron da ya karanta wannan bai ji komai ba, shi ne abin damuwa. Allah ne ya sa mana wannan zafin da muke ji idan an taka marar ƙarfi, kuma annabawa sun ji shi fiye da mu. Amos da Mika ba su yi wa masu ƙwace gonakin talakawa magana da sanyin murya ba.

Littafi Mai Tsarki ma yana da labarin wani mai sauraro da labari ya kama a karon farko. A 2 Sama'ila sura 12, annabi Natan ya zo wurin Dawuda da labarin attajiri mai garkuna da yawa wanda ya ƙwace 'yar tunkiya guda ta matalauci ya yanka wa baƙonsa. Ku duba yadda ya yi kama da na Malam Shehu. Dawuda ya husata ƙwarai, ya yanke wa mutumin hukunci nan take. Fushinsa daidai ne, domin abin da aka ba shi labari mugunta ce. Amma fushin nan bai nuna masa abu biyu ba. Bai nuna masa iyaka ba, gama ya ambaci mutuwa a kan laifin da Doka ta ce a biya ninki huɗu. Bai kuma nuna masa kansa ba, sai da Natan ya gaya masa cewa shi ne mutumin. Haka ji na farko yake. Yana da saurin gane cewa an yi laifi, amma ba shi da ma'auni, ba shi da madubi.

Akwai kuma abin da labarin kasada yake yi wa mai karatu wanda ya kamata mu sani. Marubuci yana ɗora mu a bayan mutum guda, mu bi shi daji da gari, mu ji ƙishinsa, mu kwana a kurkukunsa. Kafin a kai rabin littafi mun zuba wahalarmu a cikin tafiyarsa, saboda haka muna so ya ci nasara, ko mene ne abin da ya je nema. Ba mu ƙara tambaya ko abin nan ya cancanci a nema. Wannan ba a littafi kaɗai yake faruwa ba. Wanda ya fara kawo maka ƙara, ya zauna a zaurenka ya yi kuka, shi ne jarumin labarin a wurinka. Karin Magana 18:17 ta yi mana kashedi a kan haka tun da daɗewa, cewa mai fara ba da bayani yakan zama kamar shi ne mai gaskiya, sai ɗayan ya zo.

Daga Zariya zuwa Faransa

Shekaru bayan haka na karanta The Count of Monte Cristo na Alexandre Dumas, wanda aka rubuta da Faransanci aka riƙa buga shi kashi kashi a jarida daga 1844 zuwa 1846. Shi ma a fassarar Turanci na same shi. Tushen labarin ɗaya ne da namu. Edmond Dantes matuƙin jirgin ruwa ne matashi, aka ƙulla masa sharri aka kama shi a ranar bikin baikonsa a 1815, ya yi shekara 14 a kurkukun tsibiri, ɗaya daga cikin maƙiyansa ya aure budurwarsa. Ya tsere, ya sami dukiya mai yawa, ya komo yana rushe maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaukan kansa hannun Allah ne. Mai karatu yana biye da shi da murna shafi bayan shafi, har ranar da makircinsa ya kai ga mutuwar wani ƙaramin yaro, Edouard, ɗan mai gabatar da ƙara Villefort. A gaban gawar yaron nan ne Dantes ya fara shakkar ko Allah yana tare da shi, kuma maƙiyinsa na ƙarshe, Danglars, ya bar shi da ransa.

Marubuci a Faransa da marubuta a Zariya, shekara 90 tsakaninsu, sun bi ramuwa har ƙarshen hanyarta, kuma dukansu yaro suka tarar a kwance a wurin. Ina ganin ba haɗuwar sa'a ba ce. Mai ramuwa ba biyan abin da ya rasa yake nema ba, domin Abubakar ya san Zainabu ba za ta komo ba. So yake maƙiyinsa ya ji zafi, kuma ya san inda mutum ya fi jin zafi shi ne wurin waɗanda yake ƙauna. Saboda haka ramuwa, bisa ga halinta, takan bar mai laifi ta nufi marar laifi. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, muna faɗin wannan da alfahari, ba mu tambaya wa yake shan ƙarin zafin.

Dokar Musa ta san wannan hali namu, shi ya sa ta gina masa katanga. Maimaitawar Shari'a 24:16 ta hana a kashe 'ya'ya saboda laifin iyaye. Ezekiyel sura 18 ta sake nanata cewa ɗa ba zai ɗauki alhakin ubansa ba. A 2 Sarakuna sura 14 an yaba wa sarki Amaziya domin ya hukunta waɗanda suka kashe ubansa, amma bai taɓa 'ya'yansu ba. Ko dokar ido da haƙori da ke Fitowa sura 21, wadda mutane suke ɗauka izinin ramuwa ce, linzami ce: ta hana a karɓi fiye da abin da aka ɓata, kuma alƙalai ne suke zartar da ita.

Shiru za mu yi ke nan?

Na san abin da wani matashi zai ce da ni, domin an sha faɗa mini: Baba, littafi daban, rayuwa daban, mu da muke binne 'yan'uwanmu, haƙuri kawai za a yi ta ba mu? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce a Jihar Neja. Ba mu manta da safiyar Kirsimeti ta 2011 ba, sa'ad da bam ya tashi a majami'ar St. Theresa da ke Madalla ya hallaka fiye da mutum 30. Ba mu manta da ɗaliban da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Kagara a watan Fabrairu 2021 ba. Wanda zai yi wa iyalan da irin wannan ya shafa wa'azin gafara da gaggawa, ya fara zama ya yi kuka tare da su tukuna.

Amma Manzo Bulus, a wurin da ya hana mu ramuwa ya ce mu bar wa Allah, wato Romawa 12:19, bai tsaya nan ba. A sura ta 13 ya nuna cewa an ba hukuma takobi domin hukunta mai mugunta. Neman shari'a aikin mai bi ne: kai ƙara, ba da shaida ko da akwai tsoro, matsa wa shugabanni su yi aikin da aka ɗora musu, tsare gida da unguwa bisa ga doka. A watan Disamba 2013 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai a shari'ar ta'addanci da ta biyo bayan harin Madalla. An kira mutum da sunansa, an kawo shaidu, an ba shi damar kare kansa, an yanke hukunci mai iyaka. Ramuwa ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ranar da gari ya rikice, mai kai hari ya riga ya yi nisa. Wanda ake samu shi ne mai shayi na bakin titi, ko matafiyin da motarsa ta biyo ta nan, wanda laifinsa kawai sunansa ko shigarsa. Wannan ya sami Kirista, ya sami Musulmi, a garuruwa da yawa na Arewa. Kowannensu Kyautan wata uwa ne.

Idan kuma shari'a ta yi jinkiri, ko ta kasa, kamar yadda take yi sau da yawa? A nan ne bangaskiya take da tsada, ba zan ɓoye muku ba. Barin ramuwa a hannun Allah yana nufin mutum zai iya mutuwa bai ga sakayya da idonsa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, Ubangijin da ya umarce mu da haka ya riga mu shan wannan ƙoƙo, gama an yi masa shari'ar ƙarya, ya kuwa roƙa wa masu gicciye shi gafara. Kuma ɗaya hanyar mun ga ƙarshenta. Abubakar ya sami abin da ya nema, amma ƙuruciyarsa da lafiyarsa da dukan shekarun da zai kafa gida ya ba da a bakinsa.

Kada wani ya zaci daga kan dutse nake magana. Bayan rasuwar mahaifinmu, wani danginmu ya karɓe filin da ya kamata ya zama namu, ta hanyar da har gobe nake ganin ba ta gaskiya ba ce. Ban je wurin boka ba, ban ɗaga wa kowa hannu ba, ina hawa bagade ina sauka, ina ganin kaina mai haƙuri. Wata rana bayan sujada 'yarsa ta zo ta durƙusa ta ce, "Kawu, ina wuni?" Na amsa da ƙyar, na kau da kai. Tana neman wanda zai sa mata hannu a takardar neman makaranta, na ce ba ni da lokaci. Yarinyar nan ba a haife ta ba lokacin da aka yi rikicin filin. Da dare ina kwance sai sunan Kyauta ya faɗo mini, na ga ashe ban bar gefen Abubakar ba tun 1984, makamin kawai na canja. Washegari na aika aka kira ta, na sa hannu, na roƙe ta gafara. Maganar fili tana nan yadda take, kuma har yanzu ina da ikon neman haƙƙinmu a inda ya dace. Amma ba a wuyan yarinyar nan yake ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, ba na ce ku hana 'ya'yanku karanta labaran kasada. Ku nemo musu Jiki Magayi, su karanta shi da Hausa, da babbar murya in ya yiwu, a taron matasa ko a gida bayan cin tuwo. Ku bar su su yi fushi da Malam Shehu, gama ya cancanta. Sa'an nan ku tambaye su abin da ba wanda ya tambaye ni a daren nan: me Kyauta ya yi? Mu manya kuma, duk lokacin da labari ya zo mana da zafinsa, ko daga bakin ɗan'uwa ko ta wayar hannu, mu ba shi kwana guda, mu nemi ɗaya ɓangaren, mu duba ko akwai yaro a bakin hanyar da fushinmu zai bi.

Ubangiji ya ba mu zuciyar da take ƙin zalunci, ya kuma tsare hannuwanmu daga alhakin marasa laifi. Amin.